Sharhi: Kwalbar Jiƙo da Tafiyar Ƙafa

 Sharhinmu na yau kan abu biyu ne da ke taɓa hanta da ƙoda da zuciyar kowannenmu: maganin gargajiyar da muke ɗirka, da motsa jikin da muka yi wa ƙaura.

Babu tashar motar da ba a ganin mai tallar maganin gargajiya. Tsohuwar mota, lasifika a kan rufinta, jarkoki jere a baya. Murya na tashi: maganin basir, shawara, sanyi, dattin ciki, ƙarfin maza, duk a kwalba ɗaya. Bawan Allah ya miƙa kuɗi, a tsiyaya masa a kofin roba, ya shanye yana yamutsa fuska, yana cewa ai ɗacin ne maganin. Bai tambayi abin da aka jiƙa ba, balle yawan da ya kamata ya sha.

Kada a ce mun raina itatuwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da asibitoci ke bayarwa yau daga wani ganye dangin tazargade aka samo shi, aikin da ya ba 'yar ƙasar Sin Tu Youyou kyautar Nobel a 2015. A Abuja, masana a cibiyar NIPRD sun haɗa maganin sikila mai suna Niprisan daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi. Zoɓo ma bincike ya nuna yana ɗan sauke hawan jini, muddin ba a cika shi da sukari ba. To, a nan gizo ke saƙar. Duk abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa, kuma awo ne ke raba tsakaninsu.

Abin da aka haɗiye, hanta ce ke fara tarbarsa ta sarrafa shi, ƙoda ta tace ragowar. Ƙodoji biyu kan tace kusan lita 180 na ruwan jini kullum, kuma ba su da saurin kuka. Mutum na iya rasa rabin aikinsu bai ji komai ba, sai ranar da ƙafa ta kumbura, fuska ta yi suntum, likita ya ce sai wankin ƙoda.

A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, mata kusan 100 sun kamu da mummunan ciwon ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka haɗa da wani tsiro mai suna Aristolochia. Saiwa ce kawai, amma da yawansu sai da aka yi musu dashen ƙoda. A nan gida, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa, domin gishirin kanwa na tara ruwa a jiki, zuciya ta yi ta fama da lodin da ya fi ƙarfinta. Ga kuma marasa tsoron Allah da ke niƙa ƙwayoyin kashe ciwo su zuba a jiƙo. Mai sha ya ji wasai nan take, ciki da ƙoda kuwa suna cinyewa a hankali.

Maganin da ba a sayarwa, wato motsa jiki, shi muka fi sakaci da shi. Iyayenmu sun yi noma da daka da surfe da jan ruwa a rijiya, sun taka zuwa kasuwa. Yau inji ya karɓe aikin turmi, babur ke kai mu masallacin bayan layi, amma malmalar tuwo ba ta ragu ba.

Zuciya tsoka ce. Idan ta saba da tafiya mai ɗan sauri, takan tura jini da yawa a bugu ɗaya, hanyoyin jini su saki, hawan jini ya sauka. Tsokar cinya idan tana aiki takan zuƙe sukari daga jini, abin da mai ciwon sukari ke nema ruwa a jallo. Kitsen da ke taruwa a hanta ma yakan ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Yara kuwa awa ɗaya kullum. Uwargida da ba ta fita, zagayen tsakar gida da sauri ya wadatar.

Shi ma motsa jiki da awonsa. Gudu a tsakar ranar watan Afrilu ba tare da shan ruwa ba ƙoda yake wahalarwa. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri, ya tsaya ya nemi likita.

Kiranmu ga masu maganin gargajiya na gaskiya: ku rubuta abin da kuka haɗa da yawan da za a sha, ku nemi rajistar NAFDAC. Hukuma ta sa ido kan masu lasifika. Kai kuma mai sauraro, in ka je asibiti faɗa wa likita jiƙon da kake sha, ka auna jininka ko da kana jin garau, gobe bayan sallar asuba kuma ka taka na rabin awa.

Ƙarshen sharhin ke nan. Allah Ya ƙara mana lafiya.