A Riƙa Karɓar Ɗanyen Hoto Daga Hannun Mai Hoto

Jama'a, duk wanda ya yi suna ko ɗaurin aure a Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Badun ya san yadda ake rabuwa da mai hoto. Ya ɗauka, ya karɓi kuɗinsa, bayan kwana biyu ya turo hotuna ta WhatsApp, mu kuma mu tura gida Arewa. To, a ganina da sauran magana, domin abin da ya fi daraja yana hannunsa, wani ma share shi yake yi don ya sami wuri a katin kyamararsa.

Manyan kyamarori suna ajiye hoto iri biyu. Na farko shi ne ɗanyen hoto, wanda masu sana'ar ke kira RAW, watau duk hasken da kyamara ta kwasa ba a taɓa shi ba. Na biyu shi ne JPEG, wanda aka tsara tun 1992, ana matse shi a zubar da wani sashe domin ya yi sauƙin aikawa. A zamanin fim, ɗanyen shi ne nagatif, JPEG kuwa hoton da aka wanke.

Bambancin ba ƙarami ba ne. JPEG yana riƙe matakin haske 256 a kowane launi, ɗanye kuwa a kyamarori da yawa 16,384. Alal misali, a ɗauki dattijo baƙi cikin farar babbar riga da tsakar rana. A JPEG ko fuska ta yi duhu, ko aikin rigar ya ɓace. In da ɗanyen, sau da yawa mai gyara zai fito da fuskar har da aska takwas ɗin rigar. Daɗin daɗawa, WhatsApp yana ƙara matse hoto. Ran da tsoho ya kwanta dama, aka so a buga hotonsa babba a rataye a ɗaki, sai a tarar ya dusashe. Kuma tuwo ba ya komawa tsaba: ana juya ɗanye ya zama JPEG, amma JPEG ba ya komawa ɗanye.

Masu hoto za su ce ɗanyen yana da nauyi, kuma kowane kamfani da irin nasa, Canon CR3, Nikon NEF, Sony ARW, ba kowace waya ke buɗe su ba. Gaskiya ne. Amma tun 2004 kamfanin Adobe ya fito da DNG, ɗanye na bai-ɗaya, manhajar juyawar ma kyauta ce. Wasu kuma suna ganin ɗanyen dukiyarsu ce, ba su sakinsa sai da ƙarin kuɗi. Wannan ma ba laifi, sana'a ce.

Saboda haka, 'yan'uwa, a yi ciniki tun kafin ranar biki. A sayi filash a ba mai hoto, a ce ya zuba DNG don ajiya, TIFF don bugawa, JPEG don aikawa gida. Wanda zai iya biyan kuɗin rumfa da kujeru na wuni ɗaya bai kamata ya yi ƙyashin kuɗin abin da jikoki za su gani ba.