Daga Talatar Kitse Zuwa Tashen Azare

Cikin shekarar 1446 ta Hijira, watau 2025, azumi biyu suka haɗu a garin Azare. Musulmi sun ɗauki na Ramadan ran Asabar 1 ga Maris, bayan kwana huɗu kuma, ran Laraba 5 ga wata, Kiristocin garin mabiya ɗarikar Katolika suka tafi coci aka shafa musu toka a goshi, alamar shiga nasu azumin na kwana 40 wanda ke kai su ga Ista. A Azare abin ya wuce shiru, ba kiɗa ba rawa. Amma da a ce mai karatu ya leƙa birnin Riyo na Barazil ko Benis ta Italiya a jajiberen wannan Laraba, da ya rantse mutanen sun zautu.

Wannan shagali shi ake kira Karnibal. 'Yan jarida sukan fassara shi da kalankuwa, amma fassarar ba ta zauna daidai ba, don kuwa kalankuwa bikin samari da 'yan mata ne bayan an kawar da amfanin gona, shi kuwa wannan da azumi aka ɗaure shi. Sunan ma daga Latin ya samo tushe, ma'anarsa ɗauke nama. A zamanin da, Kiristan Turai ba ya cin nama ko ƙwai ko man shanu har azumin ya ƙare, ga shi babu firiji. To, me za a yi da abin da ya rage a ɗaki? Sai a cinye shi kafin Larabar Toka. Dalili ke nan Faransawa suke ce wa ranar ƙarshe Mardi Gras, watau Talatar Kitse, mutanen Ingila kuwa har gobe a ranar suke toya fanke don su ƙarar da ƙwai da mai.

Ci da sha kaɗai ba su isa su raya al'ada shekaru ɗaruruwa ba. Abin da ya riƙe Karnibal shi ne damar da yake ba na ƙasa ya taɓa na sama. A Benis, inda aka mai da shi hutun gari tun 1296, mutane sukan rufe fuska, bawa da ubangijinsa su gogi kafaɗa a titi ba wanda ya san wani. A yankin Kolon na Jamus akwai Alhamis ta mata, ranar da mace za ta tare namiji, ko da shugabanta ne a wurin aiki, ta datse masa laƙataye da almakashi, ba shi da ta cewa. Waɗansu masana suna danganta wannan da wani bikin Rumawan da, wanda a cikinsa iyayen giji suke yi wa bayinsu hidima, waɗansu kuwa suna musun haka.

Duk wannan ba zai zama baƙo ga mutumin ƙasar Katagum ba, ko da bai taɓa jin sunan Benis ba. A watan Muharram akwai daren Cika-ciki, wanda shi ma yana manne da azumin Tasu'a da Ashura. Uwargida takan adana wani abu daga ragon layya, kai ko ƙafa ko jela, don miyar wannan dare, a tuƙa tuwo mai yawa, a ce kowa ya ci sai ya ture. A watan ne kuma taubasai suke bin juna kuɗin shara, jika ya tsokani kakarsa, Bafillace da Babarbare su yi ta gugar zana. Wannan na ƙarshe yana da armashi a nan fiye da wurare da yawa, domin ƙasar Shira da Tashena tana ƙarƙashin inuwar Barno kafin Malam Zaki ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19, kuma ko da aka dawo da hedikwata Azare cikin 1916, jikokin ɓangarorin biyu tare suka zauna, unguwa ɗaya, kasuwa ɗaya.

Amma ainihin ɗan'uwan Karnibal a ƙasar Hausa shi ne tashe. Bambancin kawai, Bature ya yi wasansa kafin azumi, Bahaushe kuwa ya shigar da nasa tsakiyar azumin, daga goma ga wata, bayan an sha ruwa. Sunan daga tashi ya fito, watau tayar da mutane sahur, aikin da aka san gwagware da shi, tun da ba su da mai tashinsu. Yaro ya manna gemun auduga ya ɗauki sanda ya zama tsoho. Wani ya rataya saiwoyi ya zama Jatau mai magani. 'Yan mata su sa wa ɗayarsu riga da hula ta zama maigida, su kwaikwayi zaman aure a tsakar gida, ga mai gidan na gaske yana zaune a tabarma yana jin halinsa daga bakin 'yar shekara goma. Har malami bai tsira ba, akwai wasan da ake tuhumarsa da taka rawa yana musu. Shi kuwa gwauro, a Kano har sarki aka yi masa, Nalako, mai kama shi ya zaga gari da shi. Hausawa sun ce da wasa ake gaya wa wawa magana, kuma a tashe ba wawa kaɗai ake gaya wa ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tashe yana ja da baya. A unguwanni da yawa abin da ya rage shi ne yara su ɗauko jarka suna bugawa ƙofa ƙofa, ba shiga, ba kwaikwayo, bara ce kawai aka yi mata kiɗa. Manyan 'yan wasan kuwa sun koma ɗaukar hoton bidiyo a waya. Daɗin daɗawa, ɓata-gari sun shiga rigar tashe suna ƙwace da sare-sare, har ta kai cikin 2022 'yan sandan Kano suka ba da sanarwar hana shi, suka kuma maimaita a shekarun da suka biyo baya. Ba wanda zai ga laifin hukuma don ta kare rai da dukiya. Sai dai wake ɗaya ne ya ɓata gari, kuma abin da ya faru a Kano yakan zama abin koyi ga garuruwan da ke maƙwabtaka da ita.

A nan tarihin Karnibal yana da abin dubawa, don shi ma an sha yunƙurin kashe shi. A tsibirin Tirinidad, Faransawa masu gandun rake ne suka kawo shi, da aka 'yanta bayi cikin 1838 sai baƙar fata suka karɓe titi. Cikin 1881 'yan sandan mulkin Ingila suka tasar wa hana su, aka yi ɗauki-ba-daɗi a babban birnin. Daga baya aka haramta ganguna. Mutane suka koma buga gora, daga gora suka koma duron mai, wanda a yau shi ne kayan kiɗan da aka san ƙasar da shi a duniya. Hanin bai kashe wasan ba, jini kawai ya jawo.

Mutanen Kolon wata hanya suka bi. Da suka ga bikinsu ya lalace ya zama na 'yan tasha, kuma hukuma tana harararsa, sai dattawan gari suka kafa kwamiti cikin 1823, suka tsara hanyar da za a bi da lokacin da za a fito, suka bar wa 'yan wasa bakinsu. Kwamitin yana nan har yau, kuma har yau ana jan mutum-mutumin shugabanni a titi ana yi musu dariya.

Azare ba ta bukatar sabon kwamiti, don tana da wanda ya girmi na Kolon tsari: fada, da hakimai, da dagatai, da masu unguwanni waɗanda suka san ɗan kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun cikin Sha'aban ya kamata kowane mai unguwa ya san ƙungiyoyin tashen da za su fito daga unguwarsa, da babban da zai tsaya wa kowace, da lokacin da za su koma gida. Tsofaffin da suka yi dokin kara da ƙuruciyarsu suna nan da ransu a Azare da Madara da Cinade, kuma malaman firamare za su iya gayyato su aji su nuna wa yara yadda ake ɗaura shi.