Furfurar Aro a Kan Hotunan Jiya

'Yan uwa mazauna New Bell da sauran unguwanninmu na Duwala, wata sabuwar ɗabi'a ta shigo shafukanmu. Matashi zai tono hoton da aka ɗauka da ƙaramar kamara ko wayar Nokia wajen 2008, a tafiyar salla zuwa Garwa ko a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare, ya sa shi cikin manhaja, ya zare masa launi, ya yayyafa masa ɗigo-ɗigon tsohon fim. Ya ɗora a Facebook, jama'a na ta faɗin "Allah sarki, zamanin da!" alhali mai hoton ko furfura bai fara ba.

Ba na musun cewa abin yana da kyau. Kamarorin wancan lokaci ba su iya launi ba: sama ta ƙone ta yi fari fat, fuska ta dushe, fitilar daki ta shafa wa kowa kore. Idan aka mayar da hoton baƙi da fari, duk wannan aibi sai ya ɓuya, kumatun tsoho da ninkin rawaninsa su fito da kwarjini. Damuwata tana wani wuri dabam.

Mu a garin nan tsiraru ne, kuma abin da aka rubuta game da mu bai taka kara ya karya ba. New Bell kanta Jamusawa ne suka keɓe ta domin kwashe 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wuri, rikicin da ya kai ga rataye Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya baƙi suka cika wurin, cikinsu har da kakanninmu fatake. Sunan sarkin Duwala yana cikin littattafan makaranta. Na mahaucinmu da ɗan kolinmu da malamin allonmu kuwa, sai a bakin tsofaffi da cikin hotuna. To hoton da ya yi ƙaryar shekarunsa, wace shaida zai bayar? Kamara takan ɓoye ranar ɗauka a cikin hoton, amma da zarar an tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, wannan bayani ya goge. Saura abin da ido ke gani. Jikan da zai tarar da shi nan da shekara 40 zai ɗauka kakansa ya tsaya a gadar Wuri tun zamanin Ahijo, alhali a zamanin okada ne, wato bensikin ɗinmu na nan.

Sa'an nan launi a wurinmu magana ce. Ɗauki faifan goro: ja da fari ba ɗaya ba ne ga wanda ya gaji fatauci, amma manhaja za ta mayar da su toka mai duhu da toka mai haske, a rasa wanne ne wanne idan inuwa ta faɗa. Ja da kore masu haske ɗaya sukan koma toka iri ɗaya, har tutar Kamaru ta kusa zama mai launi biyu. Jar ƙurar Adamawa da ta bi gefen farar shadda, wadda ita ce shaidar cewa an yi tafiyar, sai ta koma datti kawai. Rawayar tasin Duwala ma haka.

Masu wannan ado sukan ce suna koyi da magabata ne. A duba dai. Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, ko Jacques Toussele na garin Mbuda a nan Kamaru, sun yi aiki da baƙi da fari domin shi ne abin da mutum ke iya wankewa da hannunsa a ɗan ɗakin duhu, kuma shi ake bukata a katin shaida. Da injinan wanke hoto mai kala suka bazu a shekarun 1980, iyayenmu ba su tsaya jimami ba, can suka nufa da ankonsu. Abin da ya kamata mu koya daga waɗancan masu hoto shi ne adana dodon hoto. Toussele ya tara nasa dubbai, shi ya sa Laburaren Birtaniya ya samu abin kwafa, aka kuma baje wasu a Amurka a 2021. Hoton waya ba shi da dodo. Asalinsa ɗaya ne, yana kwance a katin da zai iya mutuwa da damina ɗaya ta Duwala, ko ya tafi da ɓarawon waya a Kasuwar Kongo. Wanda aka rina shi ne ke yawo a hannun dangi daga Marwa har Kano, shi ne kuma zai rage.

Wanda ke son adonsa ya yi, amma a kan kwafi. Ya ɗora asalin a gefe, ya rubuta shekara da gari da sunayen waɗanda ke ciki, ya tura wa 'yan uwa biyu ko uku a matsayin fayil domin kwanan watan ya tsira. Ya kuma kai wa gwaggo mai kalar ta gani tun tana da ido. Mata ba da kalanda suke lissafin shekaru ba. Miƙa mata hoton, za ta ce wannan shuɗiyar atamfa ankon bikin wance ce, shekarar da ruwa ya shiga gidaje, wancan yaron kuma lokacin ba a yaye shi ba.