Ba yaranmu ne daƙiƙai ba, koyarwar rabawa ce da gyara

1/ Jama'a, yau zan taɓo malamanmu na firamare, daga Fagam har Gwaram da Birnin Kudu. A yi haƙuri, amma yadda ake koyar da rabawa a lissafi zalunci ne.

2/ Malam ya rubuta 30 ÷ 5 a allo, ya ce amsa 6 ce, yara su amsa kamar karatun aku. Gobe ka juya ka ce 30 ÷ 6, aji ya yi tsit. Sai bulala, sai "ba ya ja". Wallahi yaron nan yana ja, ba a nuna masa ba ne.

3/ Ga kiret ɗin ƙwai: layi 5, kowane layi ƙwai 6. Yaro ya ƙirga da yatsa. Juya kiret ɗin, ya koma layi 6 na biyar-biyar. Nan take ya ga 5 × 6, 30 ÷ 5 da 30 ÷ 6 duk abu ɗaya ne.

4/ Babu ƙwai? To akwai dara. Gurbi 30 ne a ƙasa, biyar sau shida. Kakanninmu sun daɗe suna jera lissafi a turɓaya.

5/ Har saura ma fitowa take. Ba shi tsakuwa 14, ya jera huɗu-huɗu. Layi 3 sun cika, 2 sun rasa sahu. Shi ke nan: 3, saura 2.

6/ Na san za a ce aji ya cika, kuma babu kayan aiki. Gaskiya ne, aji ya cika. Amma tsakuwa da murfin kwalba nawa ake sayar da su? A raba yara rukuni-rukuni a gindin bishiya.

7/ Ban ce a daina hadda ba. A fara gani da ido, hadda ta biyo baya.

8/ Wanda rabawa ta kuɓuce wa a aji uku, haka zai ja ƙafa har WAEC da NECO, kuma babu kiredit a lissafi, ƙofar jami'a da wuya. Shi ne kuma gobe zai fitar da zakka, ya zauna rabon gado.

9/ SUBEB ta Jigawa da Kwalejin Ilimi ta Gumel, a sa wannan a horon malamai. Ku kuma masu ƙanne a gida, yau da yamma ku debo tsakuwa 12, ku ce su jera uku-uku. Ku dawo ku faɗa min.