Muhammad ne ko Mohammed? Kwamfuta ba ta jin uzuri

Duk wanda ya ce mayar da ayyukan gwamnati kan intanet bai amfane mu ba, bai yi adalci ba. Tun da NELFUND ta buɗe shafin neman bashin karatu a watan Mayun 2024, ɗalibi yana zaune a ɗakinsa zai cike fom ta waya. Ba layi, ba "ka dawo gobe", ba sai ka san wani ba, babu kuma mai ce maka ka kawo na goro.

Amma fa akwai rina a kaba. Shafin yana neman lambar NIN da BVN da ta JAMB, kuma dole bayananka su zo ɗaya da abin da makaranta ta tura. To nan ake yin ta. Sunayenmu kowa da yadda yake rubuta su da boko. A banki kai ne Mohammed, a NIN Muhammad, a takardar WAEC kuma Muhammadu. A'isha ta zama Aishatu a nan, Aisha a can. Wani ma ranar haihuwarsa mai shagon kwamfuta ne ya ƙaga masa lokacin rajista. Ma'aikaci zai dube ka ya gane mutum ɗaya ne. Kwamfuta kuwa harafi ɗaya ya isa ta mayar da kai baƙo.

Gyaran kuma ba wasa ba. Sai ka yi takardar rantsuwa a kotu, ka biya kuɗi, ka ƙona data, shafi ya ƙi buɗewa, ga wa'adin biyan kuɗin makaranta yana matsowa. Mai tafiya HND, wannan matsalar tana nan tana jiransa a rajistar NYSC.

Gwamnati ta sani, shafi kaɗai bai isa ba. A samar da teburin gyaran bayanai a cikin makarantu, da mutum mai rai da zai saurari koke ya ba da amsa. Ƙungiyar ɗalibai ma ta ware mako guda kowane zango don duba takardun sababbin shiga.

Mu kuma, 'yan uwa, kada mu jira sai ranar rufe shafi. Yau ɗin nan ka ɗauko takardar NIN, da ta banki, da ta JAMB, da sakamakon sakandare, ka jera su ka karanta harafi bayan harafi. In ka ga bambanci, fara gyara tun yanzu.