Gyambon Lishmaniya: Daga Ina Ya Kamata Bincike Ya Fara?

A hutun da ya wuce na je gida Ƙanƙara, na tarar da ɗan ƙanena da miki a dantse, wata huɗu bai warke ba. Kakarsa ta ce gyambo ne, maƙwabci ya ce jifa ce, mai shagon magani kuwa ya ɗora shi a kan kafso. Sai da likita ya kankari bakin mikin aka auna, sannan aka ce lishmaniya ce.

Mai karatu, cutar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun 1911 aka ba da rahotonta a yankin Damagaram, daga baya aka same ta a Sakkwato da wasu sassan Arewa. Wani ɗan ƙwaro ne da bai kai sauro girma ba yake ɗauko ta daga ɓerayen daji, ya ciji mutum da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 700,000 zuwa miliyan 1 ke kamuwa kowace shekara. Mai cin fata takan bar tabo. Mai shiga saifa da hanta kuwa kisa take yi idan ba a yi magani ba.

Ni ba likita ba ne, harshe na karanta. Amma a tawa fahimtar, kafin a kai ga maganar rigakafi, binciken farko shi ne a ƙidaya masu cutar, kuma ƙidayar ba za ta yiwu ba sai an san me mutane ke kiranta. Ma'aikacin lafiyar da ya shiga ƙauyen Faskari yana tambayar "lishmaniya" zai dawo da takarda babu komai. Sai a tattara kalmomin da ake bambanta miki da su, daga bakin wanzamai da ungozomomi, a gwada su da sakamakon awo. Wannan aiki ne da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Ahmadu Bello za su iya, ba tare da jiran Turawa ba.

Sai kuma waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Kwanan waje hanya ce ta kamuwa. Ya kamata masana ƙwari su kafa tarko a inda suke kwana, a gano watannin da cizon ya fi yawa, kafin a raba gidan sauro mai magani.