Ƙafar Ɗan Mazan Jiya da Ƙofar Ɗaukaka Ƙara

Duk wanda ya san Suleja ya san cewa gari ne da ya ba da sunansa na asali, watau Abuja, ga sabon babban birnin Tarayya bayan shawarar da aka yanke a 1976, sa'an nan ya koma gefe ya zama masaukin waɗanda tsadar birnin ta kora. A cikin masu sauka a nan har da 'yan mazan jiya, waɗanda ke kwana a gidajen 'yan'uwa a gindin Dutsen Zuma, da asuba su kama mota zuwa Dutsen Alhaji, inda ofishin Hukumar Fenshon Soja yake. Ba a bukatar tambaya kafin a gane su. Tafiyarsu ita ke ba da labari: wannan yana ɗingishi, wancan ya dogara da sanda, wani kuma ya tsaga takalminsa ta gefe domin kumburi ya sami hanya.

Dokar Fenshon Soja ta 1979 ta amince cewa sojan da ya nakasa a bakin aiki, ba don sakacinsa ba, yana da hakki a kan nakasar, kuma kwamitin likitoci ne ke auna ta. A takarda abin ya yi kyau. Amma awon yakan fi sauƙi ga wanda bam ya cire wa ƙafa, domin wannan ko makaho ya shafa ya san an yi hasara. Wanda ke shan wuya shi ne mai ƙafa biyu cur, amma ba sa ɗaukarsa.

Ya kamata a tsaya a fahimci irin wannan ciwo, domin raina shi da ake yi shi ne tushen zaluncin. Sojojin Runduna ta Uku da suka yi yaƙi a ƙarƙashin Benjamin Adekunle a Boni da Kalaba a 1967, da Fatakwal a 1968, sun yi kwanaki a cikin ruwa da taɓo ba su cire takalmi ba. Ƙafar da ta daɗe a jiƙe a cikin takalmin soja, jijiyoyinta da ƙananan hanyoyin jininta sukan lalace, sai ta riƙa mutuwa ko zogi har ƙarshen rayuwa. Akwai kuma tsagewar ƙananan ƙasusuwan ƙafa wadda doguwar tafiya da kaya ke jawowa, wadda sau da yawa ko hoton ƙashi ba ya nuna ta a makonnin farko. Ga ciwon diddige mai sa dattijo ya kasa taka ƙasa da safe, ga tafin ƙafa da ke shafewa. Idan tsufa ya zo, ciwon suga ya shigo, sai gyambo ya buɗe a wurin da mutum ba ya ji. Jiki magayi, amma ba ranar da aka yi masa laifi yake magana ba.

To, a nan ne ake tambayar tsohon soja hujja cewa aiki ne ya jawo masa. Ina zai samo ta? Rundunar da ba ta wuce mutum kamar dubu 10 ba kafin 1967 ta kai wajen dubu 250 a 1970. A irin wannan gaggawa, wane akawu ne ya zauna a bakin daga yana rubuta cewa ƙafar kurtu wane ta kumbura? Ajiye takardun asibitin soja aikin hukuma ne, ba na kurtu ba. Idan takarda ta ɓace, bai dace a ɗora wa wanda bai taɓa riƙe ta ba alhakin ɓatanta.

Wannan magana ta shafi mutanen Arewa da ke zaune a Kurmi kai tsaye. Da yawa daga cikin masu gadi a Ikko da Badun da Fatakwal tsofaffin soja ne, an ɗauke su ne saboda horon da suka samu, suna kwana tsaye a kan ƙafar da ta riga ta gaji. Kuma abin mamaki, asibitin ƙashi na Igbobi da ke Ikko asalinsa wurin jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu ne, zamanin da iyayenmu suka dawo daga Bama. Watau tun a wancan lokaci an san cewa soja yana dawowa gida da ƙashi mai bukatar gyara.

A Amurka, tsohon sojan da aka ƙi bukatarsa yana da shekara guda ya nemi a sake dubawa, kuma tun 2019 hanyoyi uku ne a gabansa: ya kawo sabuwar hujja, ko ya nemi babban jami'i ya duba, ko ya kai gaban kwamitin ɗaukaka ƙara. Shafaffen tafin ƙafa mai tsanani a ƙafa biyu yana iya kai kashi 50 cikin 100 a ma'auninsu. Mafi muhimmanci, idan hujjoji suka yi kunnen doki, dokarsu ta ce a ba sojan gaskiya. Ba a ce Nijeriya tana da kuɗin Amurka ba. Amma rubuta wa mutum dalilin da ya sa aka ƙi shi, da gaya masa ƙofar da zai buga da kwanakin da suka rage masa, ba ya cin ko kwabo. Sashe na 173 na Tsarin Mulki ya riga ya hana a riƙe fenshon ma'aikacin Tarayya ba bisa doka ba. Rashin hanya bayyananniya shi ke kai dattawa ga shimfiɗa tabarma a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja, kamar yadda aka gani a 2025.

Saboda haka ya wajaba Ma'aikatar Tsaro ta kafa kwamitin sake dubawa wanda ba waɗanda suka yi awon farko ne za su zauna a cikinsa ba, ya riƙa zagayawa jihohi, kuma ya karɓi shaidar abokan yaƙi inda takarda ta ɓace. Yaran da ke yaƙi a Arewa maso Gabas tun 2009 su ma suna tafe da nasu ƙafafun.

Kafin a kai ga haka, wanda aka ƙi bukatarsa kada ya naɗe takardar ya sa a ƙarƙashin katifa. Ya nemi a ba shi dalili a rubuce. Ya je asibitin soja na Yaba ko na Kaduna, ko asibitin ƙashi na Igbobi ko na Dala a Kano, likita ya rubuta sunan ciwon da yadda yake hana shi aiki, da ra'ayinsa a kan asalinsa. Ya haɗa da littafin sallama da lambarsa ta soja, ya bi ta reshen Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya mafi kusa da shi, kuma kada ya miƙa wa kowa takardar asali, sai kwafi. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun kuwa, ba zai gagare su ba su sa malami guda ya riƙa rubuta wa waɗannan dattawa takardun koke a rana ɗaya cikin mako, domin mutum ya san abin da ke cikin jakarsa kafin ya biya kuɗin mota zuwa Suleja.